Daga Newmarket zuwa Aintree, a Sawun Dokin Sukuwa

Wanda ya shiga jirgin ƙasa a Landan ya nufi arewa maso gabas, zai sauka a Cambridge ya canza wani ƙaramin jirgi, kafin minti 30 ya iske kansa a Newmarket, wani ɗan gari a gundumar Suffolk mai nisan kimanin kilomita 100 daga babban birnin. Mutanen garin ba su wuce 20,000 ba, amma dawakin sukuwa da ake horarwa a cikinsa sun kusa 3,000, kuma tun daga bakin titi baƙo zai gane masu garin. An ware wa dawaki hanyoyinsu a gefen na motoci, a wasu mararraba kuma an kafa maɓallin fitilar tsallakawa can sama, daidai hannun wanda ke kan sirdi, don kada mahayi ya sha wahalar sauka. Filayen atisaye da suka kewaye garin, kimanin eka 2,500 a hannun ƙungiyar Jockey Club, na dawaki ne kaɗai tun daga asuba har ƙarfe ɗaya na rana. Wurin tsayawa shi ne gefen tudun Warren Hill da sanyin safiya. Ayari-ayari suke fitowa daga barga, an rufa musu mayafi a ƙugu, tururi na fita daga hancinsu. Idan sun iso gindin tudu sai mahaya su miƙe a kan gajerun likkafu, su duƙa bisa wuyan doki, su haura biyu-biyu ko ɗaya bayan ɗaya. Ba ka jin ihu ko ƙarar bulala, sai dukan kofato a kan lallausar ƙasa da numfashin doki mai fita da ƙarfi daidai da kowane taku. Mai horarwa na tsaye can gefe, idonsa a kan ƙafafu.

Duk Bahaushen da ya taso yana ganin yadda ake ji da doki a bargar sarki ko ta attajiri zai yaba abin da ya gani a nan, har ya yi mamaki. Ana auna abincin kowane doki, ana duba haƙoransa da kofatansa a kan lokaci, akwai tafkin iyo don masu ciwon gaɓa, kuma garin na da manyan asibitocin dawaki biyu masu ɗakin tiyata da na'urar hoton ƙashi. Wannan gata gaskiya ne, ba na shakkar sa. Abin da nake son mai karatu ya riƙe a wannan tafiya shi ne tambayar da gatan ke rufewa: na wane doki ne, kuma har zuwa yaushe? Hanyar da ta taso daga Newmarket ta bi ta Epsom ta ƙare a Aintree tana nuna cewa caca ce ke ɗauke da sukuwar Ingila, ita ke yanke yawan tseren da za a yi da yawan dawakin da za a haifa, kuma kulawar da doki ke samu tana tafiya ne da amfanin da yake yi wa wannan kasuwa. Ranar da amfanin ya ƙare, lissafin ya canza.

Asalin abin na sarakuna ne. Sarki James na Ɗaya ya fara zuwa Newmarket a 1605, jikansa Charles na Biyu kuma ya mayar da garin wurin shaƙatawar fada, har shi da kansa ya hau doki ya ci tsere a 1671. Irin dokin da ake sukuwa da shi yau an ƙirƙire shi ne bayan haka, ta hanyar haɗa goɗiyoyin Ingila da ingarmu daga Gabas. Uku daga cikin ingarmun nan su ne kakannin duk dokin sukuwa na duniya ta wajen uba: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta Siriya aka kawo a 1704, da Godolphin Arabian. A 1791 James Weatherby ya fara littafin nasabar dawaki, har yau kuma dokin da ba a rubuta uwarsa da ubansa a irin wannan littafi ba, ba a lissafa shi cikin zuriyar. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na dawakin yau suna komawa ga Darley Arabian ta layin uba. Shekara 300 ke nan ana zaɓen abu guda, wato gudu. Sakamakon shi ne dabba mai nauyin kusan kilo 500, mai iya kai kilomita 60 a awa, wadda ke tsaye a kan siraran ƙwauri. Ya kamata a riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da shi a Aintree.

Kalmomin sana'ar su ma suna da abin faɗa. A ƙa'idarsu, kowane dokin sukuwa a wannan ɓangare na duniya yana ƙara shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko da a Afrilu aka haife shi. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, saboda haka masu kiwo na ƙoƙarin a haifi duƙushi tun farkon shekara, don ya ɗara tsaransa ƙwari ranar da za a jera su. Yana shekara ɗaya za a kai shi kasuwa, yana shekara biyu ya fara tsere, a shekara uku kuma ake manyan gasanni biyar da suka fi kowanne daraja: biyu a Newmarket, biyu a Epsom, ɗaya a Doncaster. Suna da suna daban ga namiji matashi, da mace matashiya, da goɗiya babba, da ingarma, da dandaƙaƙƙe, kuma bambancin ba na baki ba ne kawai, na kuɗi ne. A kasuwar Tattersalls da ke tsakiyar Newmarket, wadda kamfaninta ya kafu tun 1766 kuma har yau take ciniki da tsohon kuɗin nan gini, wato fam ɗaya da kobon Ingila biyar, ana sayar da ɗan shekara ɗaya da ba a taɓa ɗaura wa sirdi ba a kan miliyoyi saboda sunan ubansa. Frankel, wanda ya yi tsere 14 ya cinye duka kafin ya huta a 2012, yana zaune a wata gona kusa da garin, kuma a 2024 kuɗin kai masa goɗiya ɗaya fam 350,000 ne. A wannan zauren gwanjon dai, idan kaka ta yi, ana jero dawakin da aka gwada aka ga ba su da gudu, wasu a sallama su a kan gini dubu ɗaya ko biyu. Baƙo ya fi ƙaruwa idan ya zauna ya kalli wannan gwanjo na biyu.

Ana auna nisan tsere da mil da wani ma'auni da suke kira furlong, mita 201, takwas ɗinsa ke yin mil guda. Kafin kowane taro ana sanar da yanayin ƙasa, daga mai tauri zuwa mai laushi har zuwa mai caɓi, domin wani doki ya fi gudu a busasshiyar ƙasa, wani kuma sai an yi ruwa. Amma abin da ya fi bayyana manufar tsarin shi ne nauyi. Fiye da rabin tseren da ake yi a Birtaniya irin wanda ake daidaita nauyi ne. Akwai jami'in da aikinsa shi ne bai wa kowane doki maki gwargwadon bajintarsa, kowane maki ɗaya daidai da laba ɗaya ta nauyi. Dokin da ya fi gudu sai a ƙara masa kaya, a zura falle-fallen dalma cikin aljihun ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi, a auna mahayi da sirdinsa a sikeli kafin tsere da bayansa. Burin jami'in, a ƙa'ida, shi ne dawakin duka su iso layi a tare. Mai doki yana amfana, tunda ko dokinsa matsakaici ne yana da rabo. Amma babban mai amfana shi ne kasuwar caca, domin tseren da kowa ya san wanda zai ci ba ya tara kuɗi. Tsarin da ke ɗora wa gwani kaya don a kasa gane gwani, an gina shi ne don mai zuba kuɗi ya ci gaba da sa rai.

Epsom na kudu da Landan, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. A nan ake gasar Derby tun 1780, yanzu a Asabar ɗin farko ta Yuni, nisan mil ɗaya da rabi, kusan mita 2,400. Filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne: daga farawa ana haurawa, sannan a gangaro da gudu zuwa kwanar Tattenham, a miƙe a kan hanyar da ta karkata gefe guda. A gaban rumfunan 'yan kallo masu karɓar caca ke jere, kowa da ɗan dandamalinsa da allo mai haske da jakar kuɗi, lambobi na canzawa ana kiran su da ƙarfi. Ma'anar lambobin ba wuya. Idan an rubuta 5/1 a gaban sunan doki, wanda ya zuba fam ɗaya zai karɓi biyar tare da fam ɗinsa idan dokin ya zo na ɗaya. Idan an rubuta 1/2, sai ya zuba biyu kafin ya ci ɗaya, alamar an yi ittifaƙi dokin ya fi sauran. Akwai kuma zubi mai hannu biyu, rabin kuɗin a kan doki ya ci, rabi a kan ya shiga sahun farko, yawanci na ɗaya zuwa na uku, inda ake biyan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na farashin. Dokin da aka fi zuba wa kuɗi, wanda farashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, yana cin kusan tsere ɗaya ne cikin uku. Wato ko ra'ayin jama'a gaba ɗaya, da masanansu da masu leƙen asirin barga, ya fi faɗuwa a kan ya dace.

Yadda mai allo ke samun nasa shi ne abin da ya kamata kowa ya sani, kuma lissafi ne mai sauƙi. A ce dawaki huɗu ne za su yi tsere, ƙarfinsu ɗaya. Farashin gaskiya shi ne 3/1 ga kowanne. Mai allo sai ya rubuta 5/2. Idan aka zuba fam 100 a kan kowane doki, ya tara 400. Duk wanda ya ci, zai biya ribar 250 haɗe da uwar kuɗi 100, wato 350, ya sa 50 a aljihu. Bai damu da wane doki ya ci ba, muddin littafinsa ya daidaita. Ɗaya hanyar ita ce asusun haɗaka, inda ake tara kuɗin kowa wuri guda, hukuma ta cire kasonta tun da fari, a raba saura ga waɗanda suka dace. Joseph Oller ne ya ƙirƙiro ta a Paris wajen 1867, Birtaniya ta kafa nata a 1928, Faransa kuma ta faɗaɗa nata zuwa cikin gari a 1930 da sunan PMU. Wannan suna ba baƙo ba ne a wurinmu. A Yamai da Maraɗi da Damagaram, haka a biranen Kamaru, akwai mutanen da ke duƙufa kan takardar lambobi suna zaɓen dawakin da ke gudu a filayen Faransa, dawakin da ba su taɓa gani ba. Ko ta wace hanya aka bi, an riga an cire rabon mai gida kafin a saki linzami, kuma jimillar masu zubi kullum asara take yi. Haramcin caca a Musulunci sananne ne, amma ko wanda bai duba ta wannan fuska ba, lissafin ya ishe shi.

Wannan asara ta masu zubi ita ce ke riƙe da sana'ar. A 1961 Birtaniya ta halatta shagunan caca a cikin gari, a shekarar kuma aka kafa hukumar da ke karɓar haraji daga kamfanonin caca tana mayarwa ga sukuwa. Tun 2017 harajin kashi 10 cikin 100 ne na ribar da suka samu a kan tseren ƙasar, kuma yana kawo wajen fam miliyan 100 a shekara. Ban da wannan, kamfanonin na biyan filaye kuɗi mai yawa don a nuna tsere a shagunansu da wayoyin mutane. Kaso mafi girma na harajin yana tafiya ne ga kyautar masu nasara. Abin da ke zuwa ga binciken lafiyar dawaki da kula da su ƙarami ne idan aka kwatanta. Illar wannan tsari a fili take. Fili na samun kuɗi ne a kan kowane tsere da ya shirya, shago kuma na son tsere kowane 'yan mintoci daga rana har dare. Shi ya sa ake yin tsere kusan 10,000 a shekara a filaye kusan 60, wasu da daddare a ƙarƙashin fitila a kan ƙasar roba, rumfunan kallo kusan babu kowa. Kowane tsere na buƙatar dawakin da za su cika shi. Birtaniya da Ailan tare suna haifar 'ya'yan dawakin sukuwa sama da 12,000 kowace shekara, alhali waɗanda za su zama irin Frankel ba su cika tafin hannu ba.

Daga Landan zuwa Liverpool awa biyu ne da 'yan mintoci a jirgi, Aintree kuma na arewacin birnin. A nan sukuwa ta canza kama, ta zama ta tsallake shinge, dawakin kuma sun fi shekaru, yawancinsu dandaƙaƙƙu waɗanda ba su da wata daraja a wajen kiwo. Gasar Grand National, wadda aka fara a 1839, nisanta kusan kilomita 7 ne da tsallake 30. Wanda ya taka filin ya tsaya a gindin shingen da ake kira The Chair zai ga tsayinsa ya haura mita ɗaya da rabi, da rami mai faɗi a gabansa, an lulluɓe shi da rassan itace kore. Ranar gasar ita ce ranar da mutanen da ba su taɓa shiga shagon caca ba suke zuba ɗan wani abu, kuma ita ce ranar da ƙasar ke ganin abin da ke faruwa sauran kwanakin shekara ba ta lura ba. Idan doki ya faɗi bai tashi ba, ma'aikata na rugowa da koren labule su kewaye shi, likitan dabbobi ya shiga ciki, a karkatar da sauran dawaki su kauce wa shingen a zagaye na biyu. A 2011 dawaki biyu suka mutu a gasar, a 2012 wasu biyu, ciki har da Synchronised wanda bai fi wata guda da cin kofin zinare na Cheltenham ba. Daga nan aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasa, kuma daga 2013 zuwa 2018 ba dokin da ya mutu a gasar. A 2023 masu zanga-zanga suka kutsa filin, aka kama mutum 118, aka jinkirta tashi, wani doki mai suna Hill Sixteen kuma ya mutu a shingen farko. Shekarar da ta biyo aka rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34, aka matso da shingen farko kusa don kada su iso shi da cikakken gudu.

Masu kare sana'ar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a Birtaniya cikin kowane fitowa 1,000 da dawaki ke yi, kusan biyu ne ke ƙarewa da mutuwa, adadin ya ragu a kan na shekarun baya, kuma doki na iya karya ƙafa ko yana kiwo a makiyaya. Suna ƙarawa da cewa kashe dokin da ya karye jinƙai ne. A nan suna da gaskiya: doki ba ya iya kwanciya makonni yana jinya, idan kuma ya jingina nauyinsa a kan ƙafa uku, sai cikin kofaton lafiyayyar ƙafar ya kumbura. Wani dokin Amurka mai suna Barbaro ya karye a 2006, aka kashe dukiya wajen tiyatarsa, duk da haka bayan wata takwas aka kashe shi saboda wannan ciwon kofato. Haka kuma binciken likitoci ya nuna atisaye da wuri, idan an yi shi da hankali, yana ƙarfafa ƙashin matashin doki, don haka sukar tseren 'yan shekara biyu ba ta da ƙarfin da ake zato. Na karɓi duk wannan. Amma biyu cikin dubu, idan aka ninka da yawan fitowar da kasuwa ke buƙata, ya zama dawaki sama da 150 a yawancin shekaru, kuma a tseren shinge haɗarin ya ninka na shimfiɗaɗɗen fili sau da yawa. Adadin kuma na fitowa ɗaya ne, alhali doki na fitowa sau da yawa a rayuwarsa. Tarihin Aintree ya ƙara nuna wani abu: gyaran da ya rage mutuwa mai yiwuwa ne tun da daɗewa, amma ba a yi shi ba sai da jama'a suka gani a talabijin suka tayar da murya.

Batun bulala ma haka ya bi. Tun 2023 dokar sukuwa ta Birtaniya ta yarda mahayi ya yi duka shida a shimfiɗaɗɗen fili, bakwai a tseren shinge, wanda ya wuce da huɗu a soke nasarar dokinsa. Bulalar tana da soso a bakinta, masu sana'ar kuma na cewa ƙararta ce ke zaburar da doki. Sai dai binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna fatar doki ba ta gaza ta mutum jin zafi ba, wani binciken na shekarar kuma, da ya kwatanta tseren da aka hana duka da waɗanda aka yarda, bai ga bambanci a lokacin gudu ko a kiyaye hanya ba. Nowe ta hana dukan tun 1982, Suwidin ta bi sahu a 2022, kuma ana ci gaba da sukuwa a can. To me ya riƙe ta a Ingila? A ganina babban dalili shi ne wanda ya zuba kuɗi yana son ya ga an matse doki har ƙarshe, alkalan fili ma na hukunta mahayin da suka ga bai yi iya ƙoƙarinsa ba. Akwai kuma wahalar da ba ta fitowa a talabijin: doki dabba ce ta garke da kiwo, amma na sukuwa yana shafe mafi yawan yininsa shi kaɗai a ɗaki yana cin hatsi mai ƙarfi, kuma bincike ya sha nuna cewa mafi yawan dawakin da ke cikin horo suna da gyambon ciki.

Babban gibin yana bayan an sauke sirdi. Doki na iya kai shekara 25 ko 30, amma na shimfiɗaɗɗen fili yakan gama aiki yana da huɗu ko biyar, na shinge kuma wajen goma ko sha biyu. Kaɗan ne ke zuwa kiwo. Sauran sai sun sami wanda zai ciyar da su shekara 15 ko 20 ba tare da sun kawo ko kwabo ba. An kafa ƙungiyar Retraining of Racehorses a 2000 don sake horar da su, kuma da yawa sun koma wasan folo ko hawan nishaɗi, suna cikin rufin asiri. Amma a Yulin 2021 shirin Panorama na BBC ya ba da rahoton cewa aƙalla dawakin sukuwa 4,000 aka yanka a mayankun Birtaniya da Ailan tun farkon 2019, yawancinsu daga Ailan. Bayan fallasar, daga Janairun 2022, aka wajabta cire duk dokin da zai yi tsere a Birtaniya daga jerin dabbobin da za a iya yankawa don ci. Mataki ne mai kyau, sai dai rufe ƙofar mayanka bai samar wa doki turke da harawa ba. Sai a 2023 aka yi ƙidayar farko ta tsofaffin dawakin sukuwa a ƙasar, don a san inda suke. Sana'ar da ke riƙe da nasabar kowane doki tun 1791 ta ɗauki fiye da shekara 200 kafin ta tambayi inda yake ƙarewa.

Za a ce idan aka taɓa caca sukuwa ta mutu, dubban masu aikin barga da mahaya da maƙeran takalmin doki su rasa abinci, dawakin ma a daina haifar su. Rabin maganar gaskiya ne. Sukuwa ta girmi shagon caca da nisa. Ya zo a ingantaccen hadisi daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ba waɗanda aka horar nisa mai tsawo daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma gajeren nisa, wato an auna tseren da ƙarfin dokin. A yau gasar da ta fi kowace kyauta a duniya, dala miliyan 20, a Riyad ake yin ta tun 2020, a ƙasar da ba a yarda da caca ba. Amma kada a yaudari kai, dukiyar gwamnati ce ke ɗauke da irin wannan, kuma Ingila ba ta da niyyar bin hanyar. Abin da misalin ya tabbatar kawai shi ne sukuwa na iya rayuwa ba caca; wadda ba za ta iya ba ita ce sukuwa mai tsere 10,000 a shekara. A ɗaya gefen akwai masu cewa a soke sana'ar ɗungurungum. Ban bi su ba, domin doki mai lafiya da aka horar da kyau yana iya gudu ba tare da an zalunce shi ba, kuma ilmin likitancin dawaki da kuɗin sukuwa ya gina ya amfani dawakin duniya, har da waɗanda ba su taɓa ganin filin tsere ba.

Abin da hujjojin suka nuna shi ne a mayar da nauyin inda ribar take. Tunda caca ce ta buƙaci a haifi dokin, ita ya kamata ta ciyar da shi har ƙarshen ransa: a ware wani tsayayyen kaso na harajin da doka ta ɗora wa kamfanonin, a ƙara da wani abu daga kowane ciniki a zauren gwanjo da kowane kuɗin ingarma, a ajiye da sunan kowane doki tun ranar da aka yi masa rajista. A rage ƙananan tseren da ba mai kallonsu sai allon shago, ko da kuɗin shiga zai ragu, domin raguwarsu ce kaɗai za ta rage yawan haihuwa. A bar bulala a hannun mahayi don kiyaye haɗari kawai, kamar yadda Suwidin ta yi. Sannan a riƙa wallafa makomar kowane doki da sunansa, yadda ake wallafa sakamakon tserensa. Kayan aikin na nan: tun 1999 ake dasa wa kowane ɗan dokin sukuwa da aka haifa a Birtaniya da Ailan ƙwayar lantarki mai lamba a wuya, kuma kowanne na da takardar shaidarsa. Abin da ya rage shi ne hukumar sukuwa ta ɗaure mai doki na ƙarshe da alhakin sanar da ita duk hannun da dokin ya koma, ta kuma hana wanda ya ƙi yin haka sake shigar da doki tsere.